Hajiya Hadjo, Magajiyar Karofin Chaibou

An haifi Hadjo a shekarar 1943 a garin Djougou. Mahaifinta Malam Chaibou marini ne, mahaifiyarta Shakira kuwa ɗiyar fataken goro ce, kuma ita kaɗai Allah ya raya musu.

Ƙuruciya da karatu

An sa ta makarantar allo a 1949, sai dai malaminta ya sha aikawa a ɗauko ta daga bakin karofi, wato ramin rinin mahaifinta, inda take wuni tana kallon gajimare suna wucewa a kan ruwan baba, ganyen da ake rinin shuɗi da shi, har ta manta da cikinta. A al'adar wancan zamani rini a rami aikin maza ne, mace iyakarta tukunya a bayan ɗaki. Hadjo dai kunnen ƙashi gare ta, kafin ta sauke Alƙur'ani ta riga ta iya gane lafiyar baba da ƙamshinsa kawai.

Rasuwar mahaifi

A 1959 Malam Chaibou ya rasu bai bar ɗa namiji ba, dattawan marina suka zartar da hukuncin cike ramin. Ta tsaya gabansu ta ce, "Baba, ku bar mini shi, ai ramin bai mutu ba." Ba a saurare ta ba. Da rana tsaka, kowa yana gani, ta shiga ramin ta kankare katsinsa, wato daskararren laka da ake shafe sabon rami da shi, ta cika tulu ta ɗauka a ka.

Aure da sana'a

Ta auri Massaoudou, direban babbar motar kaya, a 1962, suka tare a unguwar Banikanni ta Parakou, tulun yana cikin kayan ɗakinta. Bayan shekara biyu, shi da bai taɓa cin gardama da ita ba ya haƙa mata rami a tsakar gida, ta shafe shi da katsin mahaifinta. Ta kan ce duk asubar da ta juya ruwan, muryoyin marinan Djougou take ji suna gaisawa a ƙasa. Zannuwanta sun yi suna har unguwannin Kpébié da Albarika, kuma ko da atamfa da galura suka kashe kasuwar, ba ta bar ramin ya kwana ba a juya ba, domin baban da aka yi wa sakaci ruɓewa yake yi.

Shekarun ƙarshe

Ta sauke farali a 1998. Baƙin cikinta ɗaya ne: 'ya'yanta duk boko ya ɗauke su, babu wanda ya riƙe muciyar juya ramin. A jinyarta ta ƙarshe ba ta roƙi kowa ba, abin da kawai take tambaya kullum shi ne, "An juya?" Ramin kuwa yana nan babu mai juya shi.

Rasuwa

Allah ya karɓi abarsa ranar wata Juma'a cikin Sha'aban, a shekarar 2023, aka yi mata sutura aka binne ta a Parakou bayan sallar La'asar. Allah ya haskaka makwancinta. Ta bar 'ya'ya uku: Idrisu, ma'aikacin jinya, Abdulrazak, ɗan kasuwa a Cotonou, da Rahama, malamar makaranta mai ritaya, wadda ranar sadakar uku ta fito karɓar gaisuwa hannuwanta sun yi shuɗi har gwiwar hannu.