Ka Ce Ni Na Turo Ka

Duk layin nan Na-Turo ake ce masa, har matarsa ma in ranta ya ɓaci. Mai gyaran kayan wuta ne: fanka, dutsen guga, rediyo, injin markaɗe. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, kullum ƙaurin dalma yake, ga gwangwanayen madara cike da notina a jere bisa kanta. Sunan kuwa daga bakinsa ya fito. In aka kawo abin da ya fi ƙarfinsa ba ya jagwalgwala shi, sai ya ce, "Je ka wurin wane, ka ce ni na turo ka." Wanda ya je da wannan magana ba ya bin layi.

'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta gaya masa abin da yake yi yana da suna a Turanci, wai rifaral, tushensa daga Latin, mayar da abu wurin wani. A asibiti haka suke cewa in likita ya miƙa mara lafiya ga wanda ya fi shi sani. Ta ce wasu kamfanonin har la'ada suke ba mai turawa. Ya ɗago daga kan fankar da yake kwancewa ya ce, "La'ada? To ni mutane nake turawa, ba awaki ba."

Da talabijin ta koma falle kamar faranti, kayan ciki suka ƙanƙance, sai ya riƙa tura kowa wurin ɗan ƙanwarsa. Na-Turo ne ya koya masa riƙe abin liƙa waya, shi ya tsaya masa ya sami shago a bakin titi. Yau mutumin ya ajiye tumbi, ya kafa allo mai fitila, ya rubuta wa kansa Injiniya. Injiniyan me, oho.

Sannu a hankali shagon Na-Turo ya yi tsit. Sai ya wuni yana korar ƙuda. Mai ginin ya fara zuwa yana auna ƙofar da ido, yana cewa akwai mai son wurin. Ashe Injiniya ne ke tare har masu fanka da dutsen guga. Mai shayin bakin layi ne ya fasa masa: duk wanda ya ambaci tsohon, sai Injiniya ya ce, "Ai Kawu ido ya tafi, kada ya ƙona muku kaya."

Ido ya tafi! Mutumin da har yanzu yake zura zare a allura ba tabarau. Ransa ya ɓaci, ɓacin da bai taɓa yi ba. Ya rufe shago da rana tsaka ya tafi can.

"Kai, ni ne makahon?"

Injiniya ko tashi bai yi ba. "Haba Kawu, kasuwa ce. Kuma ka daina turo min mutane suna cewa kai ka aiko su. Suna ɓata min layi."

Ya dawo bai ci abinci ba. Ya rantse wa matarsa ko kare ba zai ƙara turawa ƙofar nan ba. Ta ce Allah ya sa.

Ba a daɗe ba wata mata ta shigo, goye da yarinya mai numfashi kamar ana busa usur, rungume da ɗan injin shaƙa wa masu asma magani. Ya ƙi tashi tun jiya. Na-Turo ya buɗe, ya duba waya, ya duba fis, lafiya lau. Matsalar tana kan ɗan allon lantarkin da ke cikin injin, mai ƙananan ƙwayoyi, kuma mutum ɗaya ne a garin yake da kayan gwada shi. Ya daɗe yana kallon injin, yana tsine wa wannan mutum a zuci. Sannan ya mayar da notinan ɗaya bayan ɗaya, ya kwatanta mata shago mai allon fitila.

Har ta kai ƙofa ta juyo. "Baba, in ce kai ka turo ni?"

"A'a, 'yata. In kina so a duba miki yau, kada ki ambace ni."