Muciyar Hajiya a Gaban Alƙali

Ni dai ban taɓa zaton zan ga ranar da mutum goma sha biyu za su shiga ɗaki su kulle ƙofa a kan muciya ba, sai a nan birnin Greensboro, a ƙasar Turawa.

Hajiya maƙwabciyata ce a gidajenmu na titin Gate City Boulevard, 'yar zangon Kumasi, ta girme ni nesa ba kusa ba. Wata ranar Asabar tana tuƙa tuwo sai ta ji ihun 'yarta mai tsohon ciki. Wani ƙato ne ya ture yarinyar a kan wurin ajiye mota. Hajiya ta fito da muciya a hannu, tuwo na ɗiga. Mutumin har ya juya zai tafi, ta sauke masa a hannu, ƙashi ya tsage. A raina na ce ya yi masa kaɗan, amma doka ba ta ce haka ba.

Aka tuhume ta da duka da makami mai kisa. Lauyanta ya zaunar da mu ya ce idan juri, wato mutanen gari goma sha biyu da ake zaɓowa su saurari shari'a, suka yarda muciya makami ce, alƙali yana iya ɗaure ta. Idan kuwa suka ce duka ne kawai, tunda ba ta taɓa laifi ba, ko yana so ba shi da ikon kai ta kurkuku. Hajiya ba ta yarda ba. A saninta alƙali shi ne wuƙa shi ne nama, har ta fara shawarar a dafa masa wake da shinkafa a kai gaisuwa. Na ce ta rufa mana asiri, kada a haɗa da ni a ɗaure.

Ba kurkukun ne ya fi damunta ba. Kafin a shiga kotu an haifi jikar, kuma 'yar ba ta da kowa a ƙasar nan sai ita. Idan an ɗaure ta, wa zai riƙe jaririya, uwa na aiki?

Ranar shari'a muka hau bas zuwa cikin gari. Lauyan gwamnati ya ɗaga muciyar a cikin leda yana kiranta kulki. Kulki! Raina ya ɓaci, saura kaɗan in miƙe. Da aka ba Hajiya dama, tafinta na fassarawa, sai ta nemi a ba ta abin a hannu. Ta gyara tsayuwa, ta nuna yadda ake tuƙi, kafaɗa na juyawa, ta ce ta uwarta ce, da ita aka ciyar da su tun suna yara. Ba ta musa dukan ba. Na ga wata dattijuwa cikin juri ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

Da suka dawo daga shawara aka karanta hukuncinsu, abu ɗaya kunnena ya kama, mai laifi. Shi ke nan, na fashe da kuka, Hajiya ta hau salati tana ba ni amanar jika. Na waiga na ga lauyanta yana murmushi, wallahi kamar in shaƙe shi. Sai ya raɗa mana cewa ba mu ji ƙarshen ba. Laifin duka kawai suka kama ta da shi, sun ce muciya ba makami ba ce.

Alƙali ya yi mata faɗa sosai, ta sha. Sannan ya bayyana cewa shi a kan abin da juri suka tabbatar yake yanke hukunci, ba ya tsallake shi. Ya sa ta aikin taimakon jama'a, da sharaɗin kada ta sake. Ya tambaya ko tana da magana. Na daddanne ƙafarta, ta ƙi kula ni.

"Ranka ya daɗe, na gode. To, muciyata fa?"

Tafinta ya fassara, har ɗan sandan ƙofa sai da ya dara.

Aikin nata a wani kicin da ake ciyar da marasa gida aka tura ta, kuma na ji an ce har yau ana tambayar miyarta. Muciyar ta daɗe a hannun kotu kafin a sako ta, da takardar shaida manne a ƙota. Na sa hannu zan ɓare, Hajiya ta buge min yatsu, ta ce in bar mata, ai muciyar ce ta sha zaman kurkuku a madadinta.

Ranar da jikar ta fara cin tuwo aka kira ni. Na tarar da Hajiya a gaban tukunya, yarinyar goye a bayanta tana lilo da kowane juyi. Ta ɗebo 'yar loma ta hura, ta miƙa ta bayan kafaɗa.

"Ci, uwata," ta ce. "Mutum goma sha biyu ne suka bar miki ni."