Darar Mahaifina a Cadakori

Mun tashi da asuba daga Maraɗi, ni da wani abokina, a wata mota da ba ta tashi sai an tura. Cadakori muka nufa, wurin wani tsoho da ya yi shekaru yana dara da mahaifina. Baba ya rasu bara, ban koyi dabarar da yake cinye mutane da ita ba, kuma abin yana damuna.

Bayan Tibiri muka bar kwalta. Kaka ta yi, dammunan gero jingine ko'ina, amalanke na tare hanya. Muka tsaya muka sayi ƙosai, ya yi tsada kuma ya ƙanƙance, abokin tafiyata ya ce sai dai a haɗiye shi kamar ƙwayar magani.

Ranar kasuwa ce. Muka iske tsohon ƙarƙashin itacen bedi bayan masu sayar da fura, ga ramukan dara a gabansa, ba abokin wasa. Na gaishe shi, na faɗi ɗan wanda nake. Ya daɗe yana kallona.

"Zamna, ɗana. Ɗauki kara, ni tsakuwa."

Na ce, "Baba, dabarar mahaifina na zo ka nuna mini."

"Yi wasa dai."

Ya cinye ni sau uku. A na huɗu ya riƙe mini hannu. Ya ce ubana yakan jera biyu a fili don ka ruga ka toshe, kuma ɗan da ka ɗaga don toshewar shi ke buɗe masa wata hanya, ya jera uku. Ba ramin da yake kallo yake nufi ba.

Na gwada, na ci ɗa guda. Tsohon ya yi dariya har da tari.

"Tun da ubanka ya tafi ba wanda ya cinye ni a garin nan. Wallahi cin ba daɗi."

Da la'asar ya rako mu tasha yana dogara sanda, bai juya ba har motar ta sha kwana.

Mun iso gida kafin magariba. Na koyi in duba abin da zan bari a baya kafin in ɗaga ɗa. Na kuma gane ba mu kaɗai Baba ya bari ba. Mu muna da juna a gida, tsohon nan kuwa shi kaɗai yake zama gaban ramukan.