Fatihar da Na Karanta a Kan Wasan Turawa

Shekarun baya, lokacin da in aka kama mutum da karta a Gadarif sai ya sha bulala, wani maƙwabcinmu direba ya dawo gida da wasa a cikin kwali. Turawan da yake tuƙawa ne suka bar masa da za su tafi. Allo ne babba mai taswirar teku, da 'yan jiragen katako da tarin katuna. Kowane ɗan wasa kamfanin Turawa ne na zamanin mulkin mallaka. Ka sayi auduga da hauren giwa, ka lallashi sarakuna, ka ƙulla ƙawance da wani don ku kayar da na uku. Saboda katunan nan ba ma kai shi kasuwa. A rumfar gidanmu muke baza shi ranar Juma'a bayan an sauko.

Mahaifiyata ba ta son wasan. In ta kawo mana jabana, wato gahawa, sai ta ce, "Kakanku a ƙafa ya gudo wa Nasara, ku kuma kun zauna a inuwa kuna zama Nasara." Mu yi dariya mu ci gaba.

Abokina tela ne, tare muka taso tun muna yawo ba takalmi. Mun riga mun shirya a daminar nan za mu noma riɗi tare a yankin Fashaga, shi ya kawo gonar da ya gada, ni in kawo iri da masu aiki. Wasan kam bai iya ba, kullum shi ne na ƙarshe.

Wata Juma'a direba ya fara cinye mu. Na ce wa abokina mu haɗa kai, kada ya taɓa tashar jiragena, ni ma ba zan taɓa tasa ba.

Ya ce, "Ya zol, mutumina, na san halinka. Sai da Fatiha."

Direba ya yi dariya. "A dokar wasan alkawari ba ya ɗaure kowa. Fatihar me?"

"Wannan dokar Turawa ce," in ji abokina. "Ni ta kasuwarmu na sani."

A wajenmu in mutum biyu suka riƙe hannu suka karanta Fatiha a kan ciniki, magana ta ƙare. Ya miƙo hannu, na kama, muka karanta, ni ina danne dariya.

Sai ya kwashe jiragensa duka ya tura su yaƙar direba, ya bar tasharsa a buɗe. Na dube ta, na san abin da na karanta, kuma na shiga na cinye ta. Da ita na ci wasan. Har da tashi na yi ina rawa, ƙato da ni, ina cewa, "Halas, an gama, tela, koma kan kekenka!"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Me muka karanta ɗazu?"

Na ce, "Haba, wasa ne fa."

"Fatihar ma wasa ce?"

Ya sa takalmansa, ya leƙa ya ce, "Hajiya, sai anjima," ya fita. Mahaifiyata ta ce in bi shi. Na ƙi. A ganina namiji ba ya ba da haƙuri saboda jiragen katako.

Da ruwa ya sauka, da wani ya noma gonar. Muna gaisawa a kasuwa, gaisuwar baƙi. Daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma garin Hawata. Kullum ina cewa zan je, har labarin rasuwarsa ya zo.

Na je ta'aziyya. Yayansa ya taso ya tarye ni, ya ɗaga tafin hannu kamar yadda ake yi, ya ce, "Fatiha." Na ɗaga nawa, amma bakina ya ƙi motsi. Ya shafa, ni ina tsaye ban fara ba.

Ba na ɗora wa wasan laifi. Direba ma ya buga shi, bai yi rantsuwa da komai ba. Ni ne na kama hannun mutum na ambaci Allah alhali ina dariya a ciki. Na roƙi gafarar Ubangiji, ina kuma fata. Amma wanda ya kamata in ce wa ya yafe mini yana kwance a Hawata, kuma har yau in aka miƙo mini hannu a kasuwa aka ce Fatiha, hannunsa nake ji a cikin nawa.