Shinkafa Ba Ta Shiga Waya

Shekara goma sha huɗu ina sayar da abinci a hanyar Rido, inda direbobin tanka ke ajiye motoci suna jiran lodi. Mijina direba ne. Ya rasu ya bar mini 'ya'ya biyu da tukunya babba, ita na ɗora a kan duwatsu uku na fara dafa shinkafa da wake.

Jiran lodi ba shi da rana. Mutum sai ya yi sati kwance a ƙarƙashin motarsa, to me zai yi in ba karta ba? Wani tsohon direba da kowa ke ce wa Baba shi ya kawo musu foka, wata irin kartar kuɗi, daga tafiye-tafiyensa na kudu. Ni ina kai kwano ina ɗauke kwano, ina kallo. Mutanen nan kuwa na san su ciki da bai. Na san wanda yake sosa wuya in zai yi ƙarya, na san wanda yake rantsuwa nama ɗaya aka sa masa alhali biyu ya haɗiye. Ranar da na fara zama da su, kafin la'asar na kwashe kuɗin mutum uku.

Kada kowa ya ɗauko mini wa'azi. Na san caca haramun ce tun kafin in iya rubuta sunana. Ba wanke kaina na zo yi ba, abin da ya faru nake faɗa.

Ranar nan Baba ya kira ni gefe.

"Hajiya, gwangwani nawa kike ajiyar kuɗi a ciki?"

"Biyu, Baba. Na jari da na gida."

"Ƙara na uku, na karta. Abin da ke cikinsa ki raba gida talatin, kada ki taɓa zama da fiye da kashi ɗaya. In ya ragu, ki koma wurin yaran mota masu wasan ɗari biyu. In ya ƙare, ki tashi ki wanke kwanukanki."

"In na ƙi fa?"

"Sai mu ci tukunyarki, mu rasa inda za mu ci abinci."

Na bi maganarsa shekaru. Gwangwanin madara ne, da tsatsa a bakinsa. In na girgiza na ji ba nauyi, hannuna da kansa yake sanin wasa ya ƙare. Ban taɓa buɗe na jari don karta ba, domin sai na tashi, na shiga rumfa, na ɗaga buhun gawayi, na kwance leda. Kafin in gama duk wannan hankalina ya dawo.

Ina da shekara arba'in da ɗaya na shiga ajin manya a Barnawa, Asabar da Lahadi. Dalili ɗaya ya kai ni. Lokacin da takardar kuɗi ta yi wuya kowa ya koma transfa, sai direba ya nuna mini fuskar waya ya ce ya tura, ni kuma kamar an nuna wa akuya. Na ce ba za a mai da ni shashasha a rumfata ba. Na koyi baƙi, na koyi lamba, na sayi babbar waya. Ranar da na karanta alat na shigar kuɗi da bakina, har rawa na taka.

Abin da ban lura ba shi ne gwangwanayena sun mutu. Jari, gida, karta, duk sun narke sun zama lamba ɗaya a waya ɗaya.

Sai lodi ya ja baya. Baba ya ajiye tuƙi ya koma garinsu, masu karta suka watse. Wani direba ya ga ina zaune bayan azahar ina korar ƙuda, ya ce, "Hajiya, ai teburin karta yana cikin wayarki." Ya nuna mini inda ake dannawa.

Akwai teburin da ake zama da ɗari biyar, akwai na dubu biyar, akwai na dubu ashirin. Na fara da ƙaramin, yadda Baba ya koya mini. Amma a can ba wuyan da ake sosawa. Ba fuska, ba gumi, sai wani suna da lambobi a jikinsa. Abin da na fi kowa iyawa, karanta mutum, ba shi da amfani. Ga sauri. A ƙarƙashin tanka, kafin a raba karta sau ashirin an yi faɗa, an yi salla, an sha shayi. A waya, kafin ruwan wanke-wanke ya yi zafi an raba sau hamsin. Kashi ɗaya cikin talatin ɗin nan da yake kai ni yini guda, a nan minti goma ne.

Kuma teburin ɗari biyar ya riƙa yi mini kama da zagi. Ni da nake kwashe kuɗin manyan direbobi, in zauna ina tsintar naira hamsin-hamsin? Da na yi asara sau huɗu a jere, sai na ce ƙananan ne ba su san wasa ba, ba a iya tsorata su. Na hau na dubu biyar. Baba cewa ya yi in an ragu a sauka. Ni da na ragu hawa na yi.

Wata Laraba ayarin tankoki ya iso, na sayar da tukunya har ƙanzo. Ogansu ya ce shi zai biya wa kowa, zai turo in ya samu sabis. Bayan la'asar ina kan benci, na riga na zubar da abin da na ce na karta ne, har na ɗan taɓa na gida. Ina shirin kashe wayar sai ta yi ƙara. Kuɗin ogan ne, dubu arba'in da biyu, kuɗin shinkafar gobe da mai da nama. Suka faɗo a kan lambar da nake kallo. Ba buhun gawayi, ba leda, ba tashi. Babban yatsana kawai.

Na zauna a teburin dubu ashirin. Aka ba ni sarki biyu, na tura duka, wani ya fito da uku iri ɗaya ya kwashe. Na sake zama. Ko kwatan awa ba a yi ba, kuɗin suka ƙare.

Washegari, karo na farko a shekara goma sha huɗu, ban hura wuta ba. Na zo dai na zauna, don ban san inda zan je ba. Direbobi suka iso da yunwarsu.

"Hajiya, yau azumi muke ne ba a gaya mana ba?"

"Ba gawayi," na ce.

"Ga buhu can a cike!"

"To ku ci gawayin."

Suka yi dariya suka tsallaka titi wurin mai taliya. Ina kallo suka zauna a bencinta.

Kusa da rumfata akwai wata mai POS, 'yar kudancin Kaduna, muna gaisawa muna ƙananan faɗa a kan shara. Ita ta zo ta tsaya a kaina.

"Mama, ba gawayi ba ne. Na ga yatsanki tun watan jiya."

"Madam, ki tsaya a kan injinki."

"Injin nawa ne zai cece ki. Jefar da wayar."

"In jefar, su biya ni ta ina? Ta hanci?"

Nan ne abin ya tsaya mini. Wayar da take cinye ni, ita ce bakin da abincina yake shigowa. Na sayar da ƙaramar tukunya da kujeru biyu na tada jari. Sannan na ɗauki kwali, da hannun nan da ya koyi rubutu a Barnawa, na kwafe lambar asusun Madam na rataye a rumfa. Yanzu duk mai transfa ita yake tura wa. Da yamma ta ƙirgo mini takardu a hannu, ta cire ladanta. Kullum ina biyan wata mace don ta tsare ni daga yatsana, kuma kullum sai na yi mata tsaki in tana cirewa.

Ban daina wasa ba, kada in yi ƙarya. Gwangwani na uku ya dawo. Ran Juma'a nake ba Madam abin da ke cikinsa ta sa mini a waya, teburin ɗari biyar, ina tsintar hamsin-hamsin ina jin haushi. Sau biyu na kawo mata na jari na ce na karta ne. Ta shinshina kuɗin ta ce manja take ji, ta mayar mini.

Amma ba ita kaɗai ke da inji a Kaduna ba. Daga rumfata zuwa gidana a Unguwar Boro akwai masu POS bakwai, na ƙirga su, kuma ba wanda zai shinshina kuɗina. Don haka ba na zuwa gida da jari. Da Madam ta ƙirgo mini, sai in ƙulle a bakin zane in hau keke, ba na kallon dama ba na kallon hagu, sai shagon mai hatsi. A auna shinkafa, a auna wake, a zuba mai a galan, in biya mahauci naman gobe tun yau. Sai na ji ƙullin zanen ya zama fayau nake iya numfashi.

Jiya mai hatsin ya rufe da wuri, an yi masa rasuwa. Na tsaya a ƙofar shagon da dubu talatin da takwas a ƙugu, ga mai POS a tsallake yana kallona. Na zauna a kan dakalin. Na aika a kira mini ƙanensa, na ce ba inda za ni sai an buɗe an auna mini.