Ƙafar Magini da Ƙafar Kwamfuta

Shekarar da na gama aji uku a sakandaren Tudun Wada, Baba ya ce na yi girman da za a gina mini ɗaki a bayan zaure. Yayana yana aiki a wani ofishin zanen gine-gine a Kano, inda suka samu kwamfuta. Don burge gida, ya zano ɗakin a cikinta ya kawo.

"Ita da milimita take zane," in ji shi. "Na sa ta juya shi zuwa ƙafa saboda ku. Ɗan karan nan guda a saman lamba ƙafa ne, biyu kuma inci. Faɗi ƙafa takwas, azara ƙafa tara."

Shi da kansa ya je Doguwa ya auno azara da tef, ya koma Kano.

Maginin unguwarmu bai taɓa riƙe tef ba. Idan aka ce ƙafa takwas, diddige yake haɗawa da yatsa sau takwas. Ga shi Allah ya hore masa ƙafa, in ya cire takalminsa na taya, akuya za ta iya haihuwa a ciki. Da takalmin ya auna faɗin.

Bango ya tashi, aka jera azara. Kowace ta ɗan taɓa bango ne da yatsu biyu, kamar baƙo a bakin tabarma. Magini ya dube su ya ce, "Na'urar ɗan naka ta yi rowa, Alhaji." Ya cusa laka a bakinsu, aka shimfiɗa zana.

Sai maganar wanda zai hau ya baje ƙasar rufi. Duk idanu suka juyo kaina, wai ni ne mara nauyi.

"Baba, ni fa jiya na ci tuwo da yawa."

"Hau, mai ɗaki."

Na hau. Ana miƙo kwanon laka ina bajewa. A tsakiyar rufin na ji wani ƙas a ƙarƙashina. Azara ɗaya ta zame, zanar ta lotsa da ni kamar ragar kifi. Na kwanta rub da ciki na baje hannuwa. Ta wata kafa ina hango ƙasan ɗakin, a idona ya fi ramin haƙar kuza na Riruwai zurfi.

"Kada ka motsa!" in ji Baba. Ban taɓa jin muryarsa da rawa ba sai ranar.

"Baba magini, in na faɗo ka tare ni da takalmin!"

"Rufe bakinka, ɗan nema, nauyi kake ƙarawa!" in ji magini.

Ƙasa na zuba a ciki, shaa. Ina jin azara ta biyu tana motsi a daidai cibiyata. Na karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Baba da magini suka ruga suka ciro turken rumfar Inna suka tokare daga ciki, sannan Baba ya hau tsani ya jawo ni da ƙafa.

Da Yaya ya zo ya sa tef, ya ga faɗin ɗakin ya kusa ƙafa tara, ya daɗe yana kallon ƙafar magini. Aka kafa gungumen maɗaci a tsakiyar ɗakin aka ɗora masa gicciye. Babu shi a zanen kwamfuta, amma a gindinsa na shimfiɗa tabarmata, don ko iska ta kaɗa sai na rungume shi.