Ranar da Kallamu Ya Matsar da Motar Lao Chen

Kallamu mutumin Nguru ne, amma a kan hanyar Kano zuwa Ikko ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Da roka ya fara, irin mai bodin katako da ba a ganinta yanzu, ya ƙare da tirela. Da ciwon baya ya raba shi da sitiyari, sai wani ɗan 'yar'uwarsa mai kamfanin aika kaya a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou a China ya kawo shi nan. Aikinsa a nan rakiyar kaya ne: ya je masana'anta, ya ga an loda abin da aka saya, ya zauna kusa da direba har sito. Ba shi da lasisin ƙasar nan. A wani gidan abinci muka saba, inda nakan sha shayi da yamma tun da na zo zama wurin 'yata, kuma a can ya ba ni wannan labari.

Manyan motocin kaya na ƙasar nan suna da wata na'ura a gaban direba, kamar ƙaramar rediyo. Direba zai zura katinsa, ita kuma ta riƙa ƙirga tsawon tuƙinsa tana aika wa hukuma. Bayan awa huɗu dole ya tsaya ya huta minti ashirin. Wanda ya ƙetare, a rage masa maki a lasisi, in maki ya ƙare kuma tuƙi ya tsaya. Kallamu ya daɗe yana raina abin. A zamaninsa goro da shayi mai kauri ke auna direba, wanda kuwa ya yi saurin kwantawa ya zama abin tsokana a tasha. Ni ban ga abin raini ba, domin ƙararrawa ce ta rene mu a makarantar mishan ta Wusasa, kuma ba ta taɓa tambayarmu ko mun gama abin da muke yi.

Direban da ya fi tafiya da shi sunansa Lao Chen, mutumin Hunan, motar kuma tasa ce. Kallamu na ce masa Malam Chen, shi yana ce wa Kallamu lawban, wato maigida. Abin da ya wuce gaisuwa, waya ke fassara musu.

Wata rana suka je garin Jieyang ɗauko takalman yara na roba na Hajiya Hajjo, mai shago a Ƙofar Wambai a Kano. Kayan Sallah ne. A ranar za a rufe kwantenar da za ta ɗauke su a sito da ƙarfe shida na yamma, kuma abin da bai shiga ba sai jirgin ruwa na gaba, wanda ba zai isa ba sai bayan idi. Kallamu da bakinsa ya ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Masana'anta ta makara wajen ɗaure kaya, amma da suka lissafa tare da hutun doka, suka ga za su isa da ɗan saura.

Da awa huɗu ta kusa, Lao Chen ya shiga wurin hutawa na bakin hanya. Wurin a cike yake, sai ya tsaya inda ya samu, gindin motarsa ya ɗan tare hanyar wata. Ya bar inji a kunne saboda zafi, ya hau gadon da ke bayan kujera ya kwanta. Kallamu ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma a inuwar mota ya yi salla. Yana sallamewa direban da aka tare ya fara danna hon.

A Tafa, inda tireloli ke yada zango, ba a tashin direba daga barci don a matsar da mota. Duk direban da ke kusa shi ke hawa ya gyara, kuma rashin yin haka rashin tarbiyya ne. Kallamu bai yi wani tunani ba. Ya hau, ya saki birki, ya matsa gaba kamar tsawon mota biyu, ya jira wancan ya fita, ya dawo da baya ya daidaita ta fiye da yadda ya same ta. Lao Chen ko juyawa bai yi ba. Kallamu ya ce mini shekaru rabonsa da jin nauyin kaya a tafin hannunsa, kuma ya ɗan jima a kujerar kafin ya sauko.

Wayar Lao Chen ta yi ƙarar cikar minti ashirin, ya tashi, ya duba na'ura. Ya sake dubawa. Sai ya leƙa waje ya ga motar ba inda ya bar ta take ba.

"Wa ya taɓa ta?" in ji shi ta waya.

"Ni ne. Ka ji ko motsi?"

Lao Chen ya nuna masa fuskar na'urar. Da ƙafar mota ta juya, ta ɗauka hutu ya katse, ta soma ƙirga shi daga farko. Minti biyar kawai take nunawa.

"Amma ai ka yi barcin, Malam Chen. Da idona na gan ka."

"Ita ba ta gani ba."

"To mu tafi, a gaba ma rama."

"Meyo," in ji Lao Chen, wato babu.

Kallamu ya tambaya ko za a iya zare mata waya ɗaya, kamar yadda akan yi wa abin da ke damun mutum a mota. Lao Chen ya ce laifin wanda na'urarsa ta yi shiru ya fi na wanda ya ƙetare lokaci. Sannan ya faɗi abin da Kallamu bai yi tsammani ba: da ɗan sanda ya ga baƙo marar lasisi a kan sitiyarin, da su duka biyu sun kwana a inda ba sa so. Maganar ta fito da zafi, wayar ta maimaita ta a sanyaye.

Suka zauna suna kallon lambobi suna hawa. Kallamu ya ɓare goro ya miƙa masa, bai karɓa ba. Minti goma sha biyar ba wani abu ba ne, amma su suka jefa su cikin cunkoson masu tashi daga aiki a bakin birni. Da suka isa sito, an riga an buga wa kwantenar hatimi.

Tun a ƙofar sito ya kira Kano.

"Baba Kallamu, an shiga?" in ji Hajiya Hajjo.

"Ba a shiga ba, Hajiya."

"Mota ce ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau. Ni na matsar da ita don kada a tashi direba daga barci."

Sai ta ce, "Wato direban China ya sha barcinsa, yaran Kano su je idi da tsohon silifa. Allah ya ba ka ladan tausayi, Baba."

Takalman sun bi jirgi na gaba, Hajiya kuma ta mai da aikenta wani kamfani. Ɗan 'yar'uwarsa bai yi masa faɗa ba, abin da Kallamu ya ce ya fi faɗan ciwo.

Lao Chen ya yi makonni ba ya ɗaukar kiransu, daga baya ya dawo. Har yanzu tare suke tafiya. Kafin ya kwanta yakan ce, "Lawban, in an yi hon, ka tashe ni." Kallamu yana tashinsa. Ya ce mini kowane lokaci sai ya tsaya a kansa ya ɗan yi jim tukuna, hannunsa a sama, kafin ya iya taɓa masa kafaɗa.